Majinyacin da muka bi har ruga

Shekarun baya da nisa, lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa ƙasar nan har muke ganin babu ciwon da zai gagari gwamnati, ina ɗalibi a makarantar koyon harhaɗa magunguna. Ƙungiyarmu ta ɗalibai takan tura mu ƙauyuka idan an yi hutu, mu raba maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki, mu ja kunnen jama'a a kan ƙwayoyin da 'yan talla ke shanyawa a rana. A wani hutu na tsakiyar bazara aka sauke mu a Kankia, daga nan aka rarraba mu. Ni da abokina aka kai mu Dudunni ta ƙasar Kusada, aka ba mu aji guda a firamare. An haɗa mu ne don ina jin Fulatanci, wanda na koya a wurin kakata. Shi kuma ya fi ni karatu, kuma bai taɓa bari na manta ba.

Malaminmu ya kafa mana doka: kada mu ba da magani a kai wa wanda ba mu gani ba.

Wata la'asar, bayan jama'a sun watse, wata Bafulatana mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta a bakin ƙofa. Ta manyanta, tana magana a hankali. Ta ce akwai wani a gida, jikinsa da zafi, kansa na sara. Na tambayi sunansa, sai ta sunkuyar da kai tana gyara faifai. Nan na gane ɗan farinta ne, wanda kunya ke hana uwa ambatonsa. Abokina ya ce asfirin dai bai taɓa kashe doka ba, ya ƙulla mata kaɗan a takarda, muka ce gobe ta kawo shi.

Washegari ta dawo ita kaɗai. Ta ce yana amai, kuma ba ya son haske. Da ta sake dawowa sai ta ce wuyansa ya ƙage, ba ya iya sunkuyawa. Ina fassarawa ina kallon fuskar abokina tana sauyawa. Sanƙarau ne, kuma a irin wannan zafin ba ya jira, ba ya kuma tsayawa a kan mutum ɗaya. Kafin mu haɗa jaka ta ɗauki ƙwaryarta ta ɓace a bayan makaranta.

Muka garzaya wurin maigari mu nemi a aika Kankia a turo mota. Ya saurare mu har ƙarshe bai ko gyara zama ba.

"Ku dai ba ta abin da ta biɗa, samari," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, yaro na mutuwa," in ji abokina.

Mutanen da ke zauren suka dubi ƙasa. Da ƙyar maigari ya nuna mana hanyar rugar da haɓarsa.

Muka bi ta cikin gonaki busassu, rana na dukanmu, babu inuwa sai ta gawo jefi-jefi. Rugar bukkoki kaɗan ce. Babu kukan mai ciwo, babu mata a tsaitsaye kamar yadda ake gani inda ake jinya. Wani dattijo, mijinta, yana tufka igiya. Ya amsa sallama bai tashi ba. Ita kuwa da ta gan mu fuskarta ta washe. Ta ɗaga asabarin wata bukka, ta leƙa, ta ce da Fulatanci, a hankali kamar mai gudun tayar da mai barci: "Ga masu magani sun zo."

Muka shiga. Gadon kara ne da tabarma a kai, an share ƙarƙashinsa tas. Ga malfa da sandar kiwo a jingine, ga fura sabon damu an rufe da faifai. A gefe akwai 'yar ƙwarya cike da ƙwayoyi, namu a sama, na ƙasa sun yi rawaya wasu sun zama gari. Babu kowa a kan gadon.

"Ku duba shi," in ji ta.

Ni jarumin, sai na tsinci kaina a waje. Dattijon bai daina tufka ba ya ba ni labari. Shekaru ke nan, a irin wannan bazara, ciwon ya kama yaron. Ta tafi gari a ƙasa neman magani, kafin ta dawo ya cika, an kuma yi masa sutura. Da yake ɗan fari ne ba ta yi kuka ba, ba ta ko tambayi inda aka sa shi ba, mutane suna ta yaba haƙurinta. Tun daga nan, duk bazara ciwon sai ya sake farawa a wurinta, ya bi matakansa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta yi shiru sai baɗi. Na ce, "Baffa, yanzu ina aka kai?" Ya ce gobe ne ranar da za ta kama hanyar gari neman magani, kamar wancan karon.

Na koma na raɗa wa abokina da Turanci. Yana tsaye da ma'aunin zafi a hannu, ita kuma tana jira. Na ɗauka fita zai yi. Sai ya durƙusa ya ɗora tafinsa a tsakiyar tabarmar, ya daɗe haka, sannan ya ce in faɗa mata daidai yadda zai faɗa.

"Inna, mun zo, mun duba. Kin kawo masu magani har ɗaki, babu abin da kika rage. Allah ya riga ya karɓi abinsa."

Na faɗa. Ta dube mu, ta dubi gadon, ta zauna a ƙasa. Sai wata murya ta fito daga ƙirjinta, siririya, doguwa, ta kira wani suna. A waje na ji igiyar dattijon ta faɗi. Daga baya ya ce mana tun ranar suna bai taɓa jin sunan a bakinta ba.

Ba ta kama hanyar gari washegari ba, ba ta kuma sake zuwa wurinmu ba. Ɗaliban da aka tura da shekara ta zagayo sun ce sun sha nonon wata dattijuwa, amma ba ta nemi komai ba.

Aiki ya kai ni ƙasashe bayan haka. Na ga matan Alƙahira suna kururuwa a bayan makara, na ga Turawa suna ajiye gawa kwanaki don kowa ya zo ya gani da idonsa. A da ina ganin namu ya fi, a binne da wuri, a haɗiye. Har yanzu ina ganin haka, sai dai na san akwai wanda ake barinsa a baya bai ji an gama ba.

Abokina ya rasu tuntuni. Sa'ad da yake raye, duk lokacin da zancen ya taso yakan ce da ɗumi ya ji tsakiyar tabarmar nan, ni kuma nakan ce masa a bazara komai ɗumi gare shi, har tabarma. Sai ya ce ya sani, ai ya taɓa gefenta ma, gefen da sanyi.