Tsinken Kwallin Da Ba A Wanke Ba

Wata Laraba ce da hantsi, cikin bazarar da mutane suka fara komawa kamanninsu bayan babbar yunwa. Ina tsugune a bayan ɗakin Gwaggo Yalwa a Gumel, kaskon ruwan zafi a gabana, tsinkayen kwalli jere kan faifai suna ƙyalli, sai na ji kukan jaki a ƙofar gida da sallamar baƙi a zaure. Lokacin ban wuce shekara tara ba, kuma idanuna biyu lafiya lau. Na faɗi haka tun yanzu ne domin duk wanda ya san ni a kasuwa da ido ɗaya ya san ni.

Gwaggo Yalwa yayar mahaifina ce. Ita ta ɗauko ni riƙo daga ƙauyenmu na wajen Gagarawa lokacin da ko ɓera ya daina leƙa rumbunmu. Sana'arta kwalliya: amare, masu jego ranar suna, da matan fatake da ke son su fita biki a san sun fito. Jarinta duka yana cikin wani ɗan lefe. Akwai tandunan fata cike da kwallin da raƙuma ke kawowa daga arewa, da ɗan dutsen da ake niƙa shi, da katambiri na zanen kumatu, da 'yan itatuwan da ake tauna bakinsu har ya yi gashi-gashi kamar asuwaki don shafa shi. Sai tsinkayen sa kwalli, na ƙashi da na tagulla, da guda na azurfa wanda ba a fito da shi sai ga babbar baƙuwa.

Kula da kayan nan shi ne aikina, bayan ɗiban ruwa da surfe da sharar tsakar gida. Rijiyar unguwarmu zurfi gare ta, kafin guga ya iso sama tafin hannu ya yi ja, amma tulun farko na tsinkaye ne. In tafasa ruwan, in jiƙa su, in cuɗa kowanne da toka mai laushi, na tagulla in bi shi da tsamiya har ya yi jawur. Itatuwan katambiri kuwa in wanke bakinsu da sabulun salo, in matse, in kifa su ƙasa don kada ruwa ya kwanta a gindin gashin ya ruɓar da shi. Sai in shanya duka a rana, ina kore kaji, kafin in naɗe su a farin ƙyalle. Dokar Gwaggo guda ce, kullum tana maimaita ta: "Tsinken da ya shiga idon wani ba ya komawa tandu sai ya yi wanka." Na taɓa mantawa, na sha tsumagiya har na kasa zama. Ban ƙara ba. Kuma in faɗi gaskiya ina son aikin. Da na gama nakan ruga ƙarƙashin aduwa mu yi carafke da 'yan unguwa, kuma ba wadda ta kai ni cafe dutse.

Baƙuwar ranar matar wani babban dillalin raƙuma ce daga Maigatari, ana ce mata Ta-Damagaram. Duk inda ta sa ƙafa matan garinsu nan suke bi, saboda haka Gwaggo ta daɗe tana neman ta. Aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka dama fura, aka kira ni in riƙe lefe. Da na matso na ga idanunta jawur, fatarsu ta kumbura, kwantsa na taruwa a gefe tana sharewa da bakin mayafi. Ciwon ido ya zaga ƙasar a bazarar nan. Gwaggo ma ta gani, amma ba ta nuna ba. Ta fito da tsinken azurfa, ta tsoma a tandu, ta ja mata shi a ido biyu, tana yaba mata gira. Sannan ta ajiye shi kan faifai.

Ni kuwa na yi abin da aka koya mini da bulala. Na ɗauki tsinken da 'yan yatsu biyu, na nufi kaskon ruwan zafi. Abin da ba wanda ya taɓa gaya mini shi ne akwai wata dokar a saman ta farko: ba a wanke tsinke a gaban babbar baƙuwa. Sai ta tafi, an raka ta, an dawo. Wanke shi tana kallo daidai yake da ce mata ƙazama a tsakar gida. A wasu gidajen ma mai kwalliyar kan ja tsinken a nata idon nan take, don a ga babu ƙyama.

Ta-Damagaram ta ajiye ludayi. Ta ce, "Yalwa, ashe kuturwa kuka saukar ban sani ba? 'Yar mitsitsiyar nan ce ke ɗaukar abin da ya taɓa ni kamar kashin kaza?" Ta fara laluben takalmanta.

Gwaggo ta cim mini kafin tsinken ya taɓa ruwa. Tana dariya ta ce, "Haba uwar ɗakina, 'yar ƙauye ce, kwaɗayi ne ya ɗebe ta. So take ta sami albarkacin idonki." Ta matse kaina tsakanin gwiwoyinta, ta buɗe mini idon hagu da babban yatsa, ta ja tsinken a ciki yadda yake, da danshinsa. Na fizge kafin ta kai ga na dama, ta bi ni da ranƙwashi, baƙuwa ta yi dariya ta koma ta zauna. Har ta ce kwallin ya karɓe ni.

Na yi shekaru ina saye da sayarwa, na san yadda mai sana'a ke auna abu cikin ƙiftawar ido, don haka ba na cewa Gwaggo ta ruɗe ne. Ba ta ruɗe ba. Idon Gwaggo ya fi nawa kusa da hannunta, kuma al'adar nata idon ta nema. Ta duba wanda za ta iya asara, ta ga nawa ne.

Kafin kasuwa ta zagayo idon ya rufe ruf. Da safe sai an jiƙa shi da ruwan ɗumi kafin ya ɓalle, haske kuwa kamar an zuba mini barkono. Aka ɗiga mini nonon wata mai goyo, aka wanke da ruwan bagaruwa, aka turara. Na daman ya ɗan yi ja ya warware. Na hagun da kumburin ya saɓe, sai ga hakiya fara fat ta rufe baƙin. Da na koma ƙarƙashin aduwa, in jefa dutse sama in kai hannu, sai in ji ya faɗi gefe. 'Yan matan da nake cinyewa a da suka sa mini suna Taga-ɗaya, har da waƙarsa da tafi.

Mahaifina ya zo bayan girbi da ɗan damin gero. Ya daɗe yana dubana, ya dubi yayarsa, sannan ya ce Allah ya sa kaffara ce. Ƙane ba ya tuhumar wadda ta ciyar masa da 'ya a shekarar yunwa. Gwaggo ta hana ni fitowa gaban baƙi, ta ce mai irin idona ba ta zama kusa da tandu, kada a ce kwallinta ne. Wankin tsinkaye dai bai bar hannuna ba, sai ta ƙara mini da tallan gyaɗa. Ta-Damagaram ta dawo da ayarin matan Maigatari, idanunta garau. Ta hango ni ina wucewa da tulu, ta ce, "Wayyo, me ya sami yarinyar nan?" Gwaggo ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Haka aka kawo mini ita daga ƙauye."

Daga farantin gyaɗar nan na fara. Na koyi kallon hannun mai saye maimakon bakinsa, na bi kasuwanni daga Sule Tankarkar har tsallaken iyaka, kuma abin da aka ce ba zan zauna kusa da shi ba, shi ya gina mini gida. Ban taɓa sayar da tandu ba tare da nasa tsinken ba, kuma kowace mai saye sai na ce mata ta wanke shi ko a gaban wa.

Yanzu kwalli a 'yan kwalabe yake zuwa, ga hoda, ga jan baki, ga 'yan buroshi masu laushi da jikokina ke miƙa wa juna ba wanki, in na yi magana su ce tsohuwa ta fara. Tandun fata sai an tona, masu ƙera tsinken azurfa sun ƙare. Ba Gwaggo nake kewa ba. Abin da kan dawo mini shi ne hantsin nan a bayan ɗaki, warin toka da tsamiya, da tsinkaye jere a faifai, rana na wasa a kansu, ina ganin kowanne daidai inda yake. Har yau in zan sa kwalli, na hagun nake fara sa wa, da tsinkensa shi kaɗai, wankakke.