Mim Ɗaya a Wasiƙar Goggo Habiba

Shekara arba'in Malam Shu'aibu yana zaune a inuwar dalbejiyar da ke kusa da gidan waya a Garwa, yana rubuta wa mutane wasiƙa. Sana'ar gado ce. Kakanninsa magatakarda ne, su suke rubuta saƙon sarakuna da ajami, ya gaji alƙalaminsu da girman kansu, ya kuma gaji doka ɗaya: ba a ƙara wa mai magana ko harafi, ba a rage masa, kuma sai an karanta masa kafin a liƙe. Yanzu wayar hannu ta kwashe masa mutane, sai takardun Faransanci na meri, wato ofishin magajin gari, waɗanda yake cikewa yana tsaki.

Wata Talata Goggo Habiba mai bandar kifi ta zo daga Lagdo. Ɗanta Muntaka yana fawa a unguwar Domayo, a Marwa. Shekara shida bai leƙo gida ba, ko ta'aziyyar mahaifinsa ta waya ya yi.

"Malam, rubuta masa da ajami, ya karanta da idonsa," in ji ta. "Ka ce na yafe ka."

Malam ya dakatar da alƙalami. Uwa in ta yafe ɗa, ta cire shi ke nan daga 'ya'yanta, kuma takarda ba ta mantuwa. Ya dubi tsohuwar, ya ga ƙullin kifin da ta ajiye don a haɗa da wasiƙar, tausayinta ya kama shi. Ya saka harafin mim ɗaya a gaban "ka".

Sauran karantawa. Zai iya karanta mata abin da ta faɗa, ba ta san baƙi ba balle ta kama shi. Amma ƙarya biyu ta yi masa yawa a rana ɗaya. Ya sunkuyar da kai don kunya, ya karanta abin da ke takardar: "Na yafe maka."

Goggo ta murza bakin gyalenta.

"Haka na ce, Malam?"

"Ba haka kika ce ba, Goggo. In kina so in goge."

Ta share ido da bayan hannu, ta tura masa ƙullin kifin.

"Hausarmu ta nan duk Fillanci ya cinye ta, wa ya san me na ce. Liƙe, kada mota ta tashi."