Ranar da Na Goya Inna

Da rani, idan aka sako ruwa a gonakin shinkafa, wasu ƙananan agwagin daji sukan sauka a wajenmu. Ko rabin agwagwar gida ba su kai ba. Macen launin ƙasa ce, ba abin kallo. Namijin ne ɗan gayu, da farin layi a saman ido. Ba sa nutso. Sai dai su cusa kai cikin ruwa, su ɗaga wutsiya sama ba kunya, suna lalubar 'ya'yan ciyawa a laka. Tun ina yaro nake musu dariya.

Shekarar da ciwon Inna ya tsananta, wata safiya numfashinta ya fara sarƙewa. Sai ga shi kanal ɗin ban ruwa ya ɓalle, ruwa ya shafe hanyar da ke fita daga ƙauyenmu zuwa titin Kura. Mai motar da zai kai mu asibiti ya tsaya can tsallake, ya ce shi kam ba zai shigo ba. Ban ga laifinsa ba. Gefen hanyar duk ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, wasu sun fi tsayina, ga ruwan jajur, ba a ganin ƙasansa. Ni kuma ban iya iyo ba.

Na goya Inna, na tsaya bakin ruwa. A nan na hango agwagin nan, a jere, wutsiyoyi sama, sun bi wani layi da ya karkata ta gindin ɗorawa. Sauran wurin ba ko ɗaya da ke kiwo. Na san sai bakinsu ya taɓa laka suke ci, ke nan inda suke ruwa bai wuce ƙwauri ba.

Na yi bismillah na shiga. Ina matsowa suka tashi, amma na riga na riƙe layin a ido. Da ƙafata ta ɗan zame, Inna ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"A hankali, ɗan nan," ta ce. "Ni ban taɓa kayar da kai ba."

Muka fita lafiya. Har yau ina gode wa Allah da ya turo tsuntsayen nan, kuma idan na gan su sai in ji daɗi har cikin raina. Inna ta warke, ta ƙara shekaru tare da mu. Ita ta fara goya 'yata ta fari.