Ranar da na nufi Makka da ministan Rasha

Ban taɓa mantawa da ranar da na yi wauta mai lasisi ba, kuma ku direbobin yanzu kada wanda ya yi dariya sai na gama.

A shekarun sittin ne, ina tuƙa motar wani otel a unguwar Sharafiyya ta Jidda. Kafilina, wato mai otel ɗin da ya tsaya mini na samu iƙama, takardar izinin zama, ya haɗa ni da wani tsoho ɗan Rasha. Ya ce yana cikin waɗanda suka tuɓe sarkin ƙasarsu, ya yi minista, 'yan kwaminis suka kore shi, yanzu yana koyarwa a jami'a a Amurka. Aikina in zaga da shi gari.

To ni, da ilmina na aji huɗu, na san duk wanda ya gudo wa kwaminis Musulmi ne, domin Buhariyawa, mutanen ƙasar Buhara da ke sayar da shinkafa a unguwar Bab Makka, haka suke. Na ce a raina, bawan Allah ya zo har Jidda, kunya ce ta hana shi neman Umra. Na ce masa, “Makka?” Ya yi murmushi ya gyaɗa kai. Yalla, na ɗauki hanya.

A ƙa'ida, akwai shinge kafin Harami, wanda ba Musulmi ba ba ya wucewa, direban da ya kawo shi kuwa sai jirgin komawa gida. Askari ya duba fasfo, ya dube ni.

Ya kira ni da sunan da suke kiran mutanenmu na Afirka ta Yamma: “Ya Takaruni, Nasara ka ɗauko?”

Na ce, “Wallahi Buhari ne.”

Ya ce, “Sauko.”

Aka karɓe iƙamata. 'Ya'yana uku na tuna, duk a Jidda aka haife su. Sai tsohon nan ya gyara kwat, ya nemi tafinta, ya zauna da babban jami'in. A nan na ga aikin minista: bai ɗaga murya ba, ya ce shi ya nuna hanya, direba umarni ya bi. Aka sha shayi, aka miƙo mini takardata.

Tun ranar na koyi cewa direba ba ya yi wa fasinja niyya. Sai dai da muka koma otel ban yi shiru ba. Na ce wa kafili, “Ya ammi, baffana, ai lada na nema masa.”

Ya ce, “Idrisu, kai da sai an zuba maka ruwa kake tashi Asuba, kai ne za ka kai ɗan Rasha Umra?”