Jakin da Kaka Ta Sani

Kun san ƙanshin tsohuwar takarda da ta daɗe a cikin kwalla tare da turaren wuta? Shi ya buge ni ranar da Yayata ta miƙo mini littafin. Nan take na gan ni a ɗakin Kaka a Horo Birni, ruwan damina yana zuba, an fasa zuwa gona.

Kawunmu tela ne a kasuwar Bodinga. Shi ya tsinto littafin a cikin takardun mai ƙosai, bangonsa na gaba da na baya duk sun yage. Hotunan dabbobi ne masu launi, da layi ɗaya na boko a ƙarƙashin kowane hoto. Ba wanda ya iya boko a gidanmu. Allo muka sani, don haka Kaka ta buɗe shi yadda ake buɗe kowane littafi a wurinmu, daga hannun dama.

Hoton farko jaki ne a cikin tafki, ya jiƙe sharkaf, da hula da tabarau da babbar riga, ga keke a kife, dabbobi sun taru a bakin ruwa. Kaka ta ce, "Wanga bawan Allah ya ga mutuwa da idonai. Ku duba abin da za shi yi." Ta juya shafi. Ga shi da biri, kowa riƙe da keken. "Ya ba biri." Kunkuru ya samu tabarau, bunsuru ya samu riga, zakara ya samu hular da ta rufe shi har ƙafa. A ƙarshe jaki yana tsaye ba komai a jikinsa, yana cin ciyawa. Kaka ta ce, "To, yanzu ya huta."

Ba mu yara kaɗai ke dariya ba. Baba, wanda ba kasafai ake ganin haƙoransa ba, yakan tsaya a bakin ƙofa kamar ruwa ya tsare shi, amma da an zo kan zakara sai kafaɗunsa su kama rawa. Duk wanda ya yi kyauta a gidanmu sai a ce ya yi halin jakin Kaka. Yaya ta fi kowa ɗaukar abin da gaske. Har ta tsufa ba ta iya riƙe zane biyu idan maƙwabciya ba ta da ko ɗaya.

Sai da gemuna ya fara fari na shiga ajin yaƙi da jahilci a Shagari. Karatun ya zo mini a hankali, ban kuwa yi gaggawa ba. A lokacin idanun Yaya sun riga sun tafi. Ta ce, "Auta, in ka iya, ka zo ka karanta min maganar Kaka, in ji ta kamar yadda tac ce." Ta ɗauka kalmomin Kaka ne a rubuce a ƙarƙashin hotunan. Ni ma haka na ɗauka.

Na kai littafin gida, na buɗe daga hagu kamar yadda Malam ya koya mana, na ɗora yatsa. "Jaki ya ƙwace hular zakara." Na sake karantawa. Bai canja ba. Ya ƙwace riga, ya ƙwace tabarau, ya ƙwace keke, ya hau yana taƙama har ya antaya cikin tafki, dabbobi suna shewa. Matata ta yi dariya har tana riƙe ciki. Labarin da ban dariya kam. Ni dai na kasa.

Na daɗe ina jan ƙafa, Yaya tana aiko mini. Na yi tunanin in buɗe daga dama in faɗi na Kaka kamar ina karantawa, tunda ba gani take yi ba. Amma abin da ke rubuce ta roƙa. Na je na karanta mata shi.

Da na kai ƙarshe, sai ta tambaye ni.

"Ɓarawo ke nan?"

"Haka aka rubuta, Yaya."

"Mai rubutun ga bai san jakin ba," ta ce. "Ba ni abina."

Tun daga ranar, idan na dubi hoton dabba a littafi, idona kan layin rubutu yake fara sauka. Yaran yanzu kuwa daga hagu suke buɗewa ba tare da tunani ba, kuma nasu ne daidai.

Bayan sallar layya na koma gaishe ta. Na tarar da ita a kan tabarma da jikokinta, littafin a cinyarta, tana lalubar shafin dama. Babbar cikinsu, wadda ke firamare, ta ce, "Kaka, daga baya kika fara."

Yaya ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashina. "Auta, kai ka yi karatu. Gaya mata."

Na ce, "Wannan daga nan ake fara shi."

Yarinyar ta dube ni, ta dubi rubutun. Ta fi ni iya karatu nesa ba kusa ba. Ba ta tona ni ba, Yaya ta fara ba da labarin jaki mai kyauta. Har yau ban san tsawon lokacin da shirun yarinyar nan zai yi ba.