Dutsen Niƙa a Cikin Kwamfuta

Kawuna dillalin raguna ne, kuma duk unguwar Sabo ta Ibadan an san hannunsa. Rungumar dabba yake yi ta ƙirji ya ɗaga, ya lumshe ido, ya dire, sai ya faɗi naman da za a samu in an feɗe. Da wannan hannun yake auna komai, daga rediyo har jariri ran suna. Abu in ba shi da nauyi, a wurinsa fanko ne.

Ni kwamfutoci nake sayarwa, tokumbo, wato waɗanda aka gama amfani da su a Turai aka jibge mana a Ikko. Da gyaran rediyo na fara a kan benci, har Allah ya ba ni shago a hanyar da ta nufi Mokola.

A shekarar da nake magana, kasuwarmu ta ɗauka cewa sabuwar babbar manhaja tana tafe, wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya. Na samo faifan gwajinta. Kwalliya gare ta ba kaɗan ba, tagoginta kamar gilashi, kana hango na baya ta cikin na gaba. Sai dai ba a kan kowace na'ura take yarda ta yi wannan adon ba. Tana son katin hoto na kirki, wani ɗan allo da ake sokewa a cikin kwamfuta, mai fankarsa da ma'ajiyarsa, wanda ke ɗaukar wahalar duk abin da ido ke gani. Na bi kayan shagona ina gwadawa. Wasu ta hau tana jan ƙafa, wasu ta tuɓe adon ta tsaya fayau. Wata 'yar baƙa mara nauyi ce kawai ta ɗauke ta da gudu.

Ana cikin haka 'yar kawun, taubashiyata, ta samu gurbin karatun zanen gine-gine. A makaranta aka ce musu duk mai sayen kwamfuta ya sayi wadda za ta ɗauki sabuwar manhajar, don a kanta za a koma zane. Kawu ya ce zai saya, amma sau ɗaya. Wanda ya san shi ya san in ya sayi wadda ba ita ba, da ita yarinyar za ta gama makaranta, ko ta gama da yawon aro.

Suka zo shago tare. Na nuna masa 'yar baƙar. Ya sa hannu ɗaya ya ɗaga ta, ya dube ni kamar na zage shi.

"Wannan ai ba ta ci ta ƙoshi ba."

"Kawu, ba a jiki abin yake ba. Katin hoto ne a ciki."

"Kati? Na asibiti ko na ɗaurin aure?"

Idonsa ya faɗa kan wata tsohuwar ta ofis da ke lungu, fara, jikinta ƙarfe zalla. Ya naɗe hannun riga ya rungume ta, ya yi nishi, fuskarsa ta washe.

"Yauwa. Ga kwamfuta."

Na ce masa wannan ko ramin soke katin ba ta da shi. Ya ce tun kafin uwata ta yaye ni yake ɗaga kaya, kuma ya san halin 'yan kasuwa, ramammen suke fara turo wa mutum. Zai dawo ran Asabar. In ban ba shi mai nauyi ba, akwai shaguna a Mokola. Na san kuwa akwai su, kuma da murna za su ɗora masa irinta a kan acaɓa.

Da ya fita, taubashiyar ta tsaya a baya.

"Ɗan gwaggo, kai da bakinka ke sayar da ruwa ga mai rijiya, yau tsoho ɗaya ya gagare ka?"

"Tsohon naki ne, Injiniya. Je ki zana masa hankali."

Na gwada mayar da kayan cikin baƙar zuwa gangar jikin farar, ramukan kusoshi suka ƙi haɗuwa. Tana tsaye tana kallo, sai ta ce, "To ita baƙar, ba za ta yi ƙiba ba kafin Asabar?"

Washegari ta shigo da abu a ƙarƙashin hijabi. Ɗan dutsen niƙan Inna ne, mahaifiyarta, wanda take murza tattasai da attarugu da shi tun zuwanta Ibadan. Na wanke shi iya wankewa, na naɗe da tsumma, na ɗaure da waya a gindin gangar jikin baƙar, nesa da fanka. Na sauya murfin gaba da na wata, fari.

Ran Asabar na ce, "Kawu, ka yi gaskiya. Na nemo wata."

Ya ɗaga tsohuwar, ya ɗaga sabuwar. Ya sake ɗaga sabuwar, ya lumshe ido.

"Ka gani? Ƙarama ce amma a cike take. Irin wannan ake ɓoye wa baƙo."

Ya tafi da ita. Sati bai zagayo ba duk majalisar ƙofar masallaci ta ji yadda ya kama ɗan ƙanwarsa yana shirin cusa masa fanko. Na sha tsiya. A gida kuma Inna ta tashi hankalin kowa da cigiyar dutse, har ta daina gaisawa da wata maƙwabciyarta Bayarabiya.

Da manhajar ta fito sosai, na je gidan da hantsi na ɗora ta. Tagogin gilashi suka bayyana, taubashiyar ta buɗe zanen wani bene tana juya shi ta kowane gefe, ba gargada. Katin ya ɗauki zafi, fanka ta tashi. Sai ga wata iska mai ɗumi da yaji tana fitowa ta bayan kwamfutar. Kawu ya yi atishawa. Ni ma na yi.

"Sabon abu ke nan," in ji shi, yana share ido. "Ƙarfi gare ta."

Inna ta matso ta sunkuya ta shinshina, ta miƙe ta dube ni, ta dubi 'yarta. Ta bari sai da Kawu ya fita kasuwa.

"Ɗan nan, kunce."

Na kunce. Ta zare dutsenta daga tsumma ta juya shi a hannu.

"In aka cire, karatun ya tsaya?"

"Ko kusa, Inna. Har ta fi shan iska."

"To ku biyun za ku je ku ba maƙwabciyata haƙuri. Abin da za ku ce mata, ku kuka sani."

Muka je, taubashiyar ta zuba Yarabanci har matar ta yi dariya ta ba mu lemo.

Bayan 'yan watanni za a kai kwamfutar ɗakin kwanan ɗalibai, Kawu ya ce shi zai ɗora ta a mota da kansa. Da la'asar sai ga shi a shagona, ransa a ɓace.

"Kai, abin nan ya rame."

"Rame kuma, Kawu?"

"Hannuna ba ya ƙarya. Rabinta ya tafi. Sabon abin da ka zuba mata ne ke cin ta?"

Na gyara tsayuwa. Na ce aikin hoto aiki ne mai cin jiki, ko rago aka ɗauko daga Arewa, ba yadda ya hau mota yake sauka a tashar Ojoo ba. Ya lumshe ido yana auna maganar.

"Za ta kai ta ƙarshen karatun?"

"Za ta kai, in sha Allahu. Wannan na tsaya mata."

Ya gyaɗa kai, ya ce zai gaya wa yarinyar ta riƙa barinta tana hutawa. A kanta ta yi zanenta na kammala karatu. Ran da aka dawo da kayanta gida, Kawu ya sake ɗaga kwamfutar, ya ce alhamdu lillahi, ramar ta tsaya.