Ɗakin Soso na Linval

Linval Gayle mai gyaran kujeru ne a unguwar Waterhouse ta Kingston. Tun yana saurayi yake son waƙa, amma duk situdiyon da ya leƙa sai a kalli takalminsa a ce ya dawo gobe. Da furfura ta fara fito masa, sai ya ce shi ma zai haɗa nasa.

Ya share ɗakin tarkace da ke bayan gida, ya bi bango da guntayen soson da ke rage masa a wurin aiki, ya rataya tsohon bargo a ƙofa. Makirufo na gwanjo ya saya, kwamfuta kuwa 'yarsa ce ta bar masa da za ta tafi Kanada.

Ran da ya gama, ya rera waƙa ya ɗauka, ya kunna ya saurara, sai jikinsa ya yi sanyi. Ashe muryarsa ba ta da daɗi ko kaɗan.

Yana zaune jugum sai ga Mis Icilda, tsohuwar da ke soya kifi a bakin layi, ta leƙo da kwanonta.

"Mas Linval, kaji za ka zuba a nan ko mahaukata?"

"Shigo, uwar surutu. Tsaya nan ki ce wani abu, in gwada na'urar."

"Ni? Da ƙarnin kifin nan?"

"Makirufo ba shi da hanci."

Ta ajiye kwano tana dariya. Sai ta rufe ido ta ɗauko wata waƙar coci da kakarta ke yi a ƙauyensu idan an yi rashi. Shekara da shekaru yana sayen kifi a wurinta, bai taɓa jin muryarta ba sai a ciniki da korar karnuka. Yanzu ga muryar ta taso daga can cikin ƙirji, mai kauri, tana hawa a hankali har ta cika ɗan ɗakin. Ko numfashi Linval bai yarda ya ja da ƙarfi ba, don kada ya shiga makirufo.

Da ya kunna mata, sai ta dafa bango.

"Wace ce wannan?"

"Ke ce mana."

Hawaye suka biyo kumatunta. Can ta ce, "Kada ka sa wa waƙar ganga. Bar ta haka."

Haka ya bar ta. Kafin wata ya ƙare, duk inda aka yi zaman makoki a unguwar sai an aiko a karɓi waƙar.

Linval bai sake rerawa ba. Da safe yana kan kujerunsa, da yamma ya bi layi yana kasa kunne: direban bas, mai wanki, tsohon da ke sayar da rake. Duk wanda ya ji yana ɗan rerawa a bakin aikinsa, sai ya tsaya ya roƙe shi ya biyo shi gida.